Neman Taimako a Ɗakin Jarrabawa Ba Rashin Bangaskiya Ba Ne



Duk mai son karatun likita a Najeriya sai ya bi ta ƙofar JAMB. Zai zauna gaban kwamfuta ya amsa tambayoyi 180 cikin sa'a 2: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Mai lafiyar ido ma da ƙyar lokacin ke isarsa, balle wanda sai ya manna fuskarsa ga gilashin kwamfuta kafin ya karanta layi ɗaya.

A ikkilisiyarmu muna da irin wannan 'ya. Tana gani, amma dishi-dishi, kuma tabarau bai magance matsalar ba. Tun tana ƙarama take cewa likita za ta zama, sakamakonta na sakandare kuwa ya goyi bayanta. Da muka ba ta shawara ta nemi a yi mata tanadi na musamman, sai ta ƙi. Ta ce ba ta son a ce alfarma aka yi mata. Wasu kuma a cikinmu suka ce ta dogara ga Allah kawai ta shiga kamar kowa.

Mun zauna da ita da iyayenta muka duba maganar. Me jarrabawar ke son aunawa? Sanin Kemistiri ne ko ƙarfin ido? Idan ta san amsa amma lokaci ya ƙare tana fama da ƙananan haruffa, to idonta aka auna, ba iliminta ba. Littafin Firistoci 19:14 ya hana a sa wa makaho abin tuntuɓe a hanya. Kawar da abin tuntuɓen adalci ne, ba alfarma ba. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ga Romawa, Tartiyas ne ya riƙe masa alƙalami, kuma ba wanda ya ce saboda haka wasiƙar ba ta Bulus ba ce.

Dokar ƙasa ma tana bayanta. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar da ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci. Tun 2017 kuma JAMB ta kafa wani kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, wanda ke shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na musamman, inda ake karanta musu tambayoyi, su amsa ta hanyar da suka saba, har da rubutun makafi.

Amma haƙƙi ba ya zuwa ya sami mutum a ɗaki. Mun kai ta wurin likitan ido ya rubuta takardar da ta bayyana iyakar ganinta. A ranar rajista ta faɗi larurarta tun farko, domin ranar jarrabawa ba ranar roƙo ba ce. Mun kuma rubuta wa jami'ar da ta zaɓa game da tantancewar da ke biyo bayan JAMB. Mun je sau 3 ana cewa mai sa hannu ba ya nan, sai a zuwa na huɗu aka karɓi takardar.

Ba mu yi mata alkawarin cewa hanya ta buɗe ke nan ba. Karatun likita akwai duba ƙwayoyin cuta a madubin ƙara girma, akwai aiki a ɗakin tiyata, kuma malamanta za su yi tambayoyin da suka dace. Sai dai mun gaya mata labarin Jacob Bolotin, wanda aka haifa makaho a Amurka, ya gama karatun likita a Chicago a 1912, ya kuma yi aiki a fannin zuciya da huhu. A bar makaranta ta yanke hukunci bisa abin da mutum ya iya, kada kunya ta yanke masa tun kafin ya fara.

Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, don iyayenmu cikin bangaskiya sun gane cewa rashin ido bai hana karatu. Ku duba cikin zumuntarku kafin a rufe rajistar bana. Idan akwai wanda ke ɓoye larurarsa, ku raka shi asibiti, ku taya shi cike takardu, ku haɗa masa kuɗin mota. Sa'an nan mu durƙusa tare mu yi masa addu'a.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.