Yadda Karin Waƙa Ya Mayar Da Ni Ga Lissafi

Ba zan ɓoye wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ba, tsoron lissafi yana cikin abubuwan da suka koro ni zuwa Sashen Hausa. Na zaci mun rabu ke nan, ashe yana nan yana jirana a darasin karin waƙa.

Wata rana na ɗauki sassauƙar gaɓa a matsayin bugu ɗaya, nannauya kuwa bugu biyu, na shiga ƙirga hanyoyin da za a jera su a cika awo. Awo mai bugu ɗaya hanyarsa 1 ce, mai biyu 2, mai uku 3, mai huɗu 5, daga nan sai 8, 13, 21, 34, 55, 89. Watau kowace lamba jimlar biyun da suka gabace ta ce. Na garzaya wurin wani abokina mai karatun lissafi, ina tsammanin na gano sabon abu. Ya yi murmushi ya ce Hemacandra na ƙasar Indiya ya riga ni tun wajen 1150, shi ma wurin auna waƙa, sa'an nan Fibonacci na Italiya ya kawo jerin a littafinsa na 1202.

Sai ya ce in raba 1 da kowace lamba. Da 3 na sami 0.333, ukun ba ta ƙarewa. Da 13 na sami 0.076923, alƙaluma shida suna ta dawowa kamar amshi. Amma 89 sai da ta ba ni alƙaluma 44 kafin ta koma farko: 0.01123595505 da sauransu. Da na dubi 1, 1, 2, 3, 5 sai gabana ya faɗi, domin ga jerin nan ya fito cikin ɗiyarsa. To, amma me ya kawo 9 inda ya kamata a ga 8? Na kwana ina neman kuskurena, har na kusa yaga takardar. Kashegari na gane da kaina: 13 alƙaluma biyu gare ta, ɗayanta ne ya tsallaka gidan 8 ya mai da ita 9.

Tun ran nan na daina sunkuyar da kai idan aka ce Hausa mafakar waɗanda lissafi ya kora ce. Duk ɗalibin da ya iya yanka baiti gaɓa-gaɓa ya auna shi, lissafi yake yi, ko ya sani ko bai sani ba.