Gandun Kakana da Masu Riƙe Tarihinsa

A ƙasarmu ta Ƙofa, sa'ad da muke yara, idan dattijo ya gamu da yaro a hanya ba sunansa yake fara tambaya ba, cewa yake, "Kai ɗan wane gida ne?" Da yaro ya faɗi gidan, magana ta ƙare. An san gonarsu, an san rijiyar da suke sha, an san gidajen da suke ƙulla aure da su.

Kakana na wajen uwa mai unguwa ne a wani ƙauye da ba shi da nisa da Ƙofa. Ba attajiri ba ne. Abin da ya mallaka shi ne zaure mai faɗi, da doki guda, da rumbuna a jere bayan gida, da gandun da idan ka tsaya a wannan baki ba ka gane fuskar wanda ke wancan bakin. Da damina duk namijin da ke cin tuwon gidan gandu yake wayar gari. Ana kan aiki har azahar, sannan kowa ya wuce gayaunarsa. Mu yara namu shi ne rakiyar 'yan matan da ke kai fura, mu zauna gindin ɗorawa muna jiran a rage mana. Ranar gayya kuwa tun da sassafe ake jin gangar noma, samarin ƙauyukan kewaye su zo da garemani a kafaɗa. Da kaka Kaka da kansa yake tsayawa a kan ƙirgar dammuna, duk na goma a ware shi gefe na zakka ne, kafin a kai ko zangarniya ɗaya rumbu.

Tarihin gidan kuwa ba a hannunsa yake ba. Yana wajen yayarsa, wadda kowa ke kira Goggo. Ina iya tuna zamanta a ƙofar ɗaki bayan la'asar, ga tasar kaɗi a gabanta, ga alli a yatsu, mazari na juyawa. Sai ka ce mata, "Goggo, wa ya haifi Kaka?" Shi ke nan ka buɗe ƙofa. Ta ɗauko wane ya haifi wane, ta bi da kai baya har ga wanda ya fara saran dajin, ta gaya maka matansa da garuruwan da aka auro su, wadda aka kawo daga wajen Kiru, wadda ta zo daga Rano da shanunta. Ta san wace gona aka saya, wace aka ba da aro ba a karɓa ba, wace aka jinginar a shekarar yunwa. A bakinta na fara jin harin Ningawa a kudancin Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, yadda mutane kan bar gona su ruga cikin ganuwa. A bakinta kuma na ji ranar Bebeji, da Turawa suka taso daga Zariya a 1903, suka harba igwa suka fasa ƙofar gari, Sarkin Bebeji ya rasu a nan, kwanaki kaɗan kafin Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, Sarki Alu yana Sakkwato. Ba ta san shekarar Turawa ba, cewa take, "Lokacin uwarmu tana goyon babban wanmu."

Na girma kafin in san cewa akwai ƙasar da ta zuba irin wannan ilimi a takarda. A ɗakin karatu na jami'a na ga littafin Burke, ƙato mai nauyi, wanda wani mutumin Ailan mai suna John Burke ya fara fitarwa a 1833, zuriyarsa suka ci gaba da sabunta shi. Gidajen masu manyan filaye ne na Ingila da Ailan a ciki, kowane da sunan gandunsa, da tambarin gidan, da 'ya'ya, da auratayya. Na daɗe ina juya shafukan, raina yana sosuwa, don na san da an zauna da Goggo an rubuta, da abin da za a samu bai gaza wannan ba.

Amma bambancin yana da yawa. A can, a da, babban ɗa ne ke gaje ƙasar gaba ɗaya, ƙannensa su tafi soja ko coci ko mulkin ƙasashen da aka ci da yaƙi, shi ya sa gandu ɗaya kan shekara ɗaruruwa a hannun gida ɗaya. Mu kuwa rabon gado na shari'a ne, kowane magaji da kasonsa, gonar sarauta kuma rawani take bi, ba jini ba. Girman gida a wurinmu yawan mutanen da ke ƙarƙashinsa ne. Manyan gidajen Birni, Sulluɓawa da Yolawa da Joɓawa da Dambazawa, da can daga cikin Kano suke riƙe garuruwansu, jakadu ke kai da komo, sai a zamanin Sarki Abbas aka fitar da hakimai suka zauna a gundumominsu. A shekarar nan ta 1903 da aka fasa ƙofar Bebeji, majalisar Ingila ta yi dokar da ta ba manoman Ailan rancen sayen gonakin da suke haya, manyan gandaye suka soma wargajewa. Tsakanin 1919 da 1923 kuma aka ƙone fiye da 200 na manyan gidajen Ailan.

Namu ba wuta ce ta ci shi ba, a hankali ya zube. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage wa hakimai da dagatai iko, dokar ƙasa ta 1978 ta mai da filaye hannun gwamna, a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Wannan na ƙarshe ban taɓa baƙin cikinsa ba. Na ga magidanci durƙushe a zauren Kaka yana cewa, "Ranka ya daɗe, a ƙara mini kwana bakwai in sayar da akuya," na kuma ga Kaka ya sunkuyar da kai, don shi ma akwai na sama da ke jiransa. Kafin wannan, dam ɗin Tiga da aka gina zamanin Audu Baƙo ya tashi ƙauyuka, ya kuma kawo noman rani, saurayi ya gane zai iya samun kuɗinsa da tumatir da shinkafa ba tare da ya jira rumbun uba ba. Da Kaka ya rasu aka raba gandun, kowa ya ja nasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da Goggo shi ne waɗanda ba ta bari a baya. Littafin Burke bai damu da masu haya da masu aikin gona ba, sunan mai gida da iyalinsa kaɗai yake riƙewa. Ita kuwa idan ta gama da masu rawani sai ta sassauta murya ta ambaci waɗanda aka kawo gidan ba da son ransu ba, wanda ya haƙa rijiyar tsakar gida, wadda ta shayar da Kaka da uwarsa ta kwanta ciwo. Tattaɓa-kunnensu muna wasa tare, muna kiran iyayensu Baba da Inna. Takan ce kada mu kuskura mu faɗi wannan a waje, amma kada mu manta, don guminsu yana cikin kowane dami da muka ci. Maroƙin da ke zuwa ranar Sallah yana jero kakanni bai taɓa faɗin sunayen nan ba, aikinsa yabo ne, ita nata riƙon amana.

Shekarun baya rigimar iyaka ta tashi tsakanin 'ya'yan kawunnaina biyu. Jemar da aka shuka a tsakani ta mutu, aduwar da ake kwatance da ita an sare ta an yi gawayi, ba wanda ke da takarda. Har an fara maganar kotu, sai wani ya ce a kira Baba, tsohon da ya yi ƙuruciyarsa yana noman gandun, jikan mutumin nan da ya haƙa rijiya. Aka ɗauko shi a kan babur, idonsa ya yi rauni. Ya taka daga bakin hanya yana dogara sanda, ya tsaya, ya ce, "Ku tona nan." Aka tona, sai ga kututturen aduwa. Ya dubi samarin ya ce, "'Ya'yana, daga nan zuwa kuka na babanka ne, daga nan zuwa kwari na babansa ne." Suka yi musafaha a wurin, aka kafa bulo, mai unguwa na yanzu ya sa ɗansa ya rubuta a takarda, shaidu suka dangwala hannu, aka sa sunan Baba a farkon shaidu.