Abin da Ladi Kwali Ta Zo da Shi Daga Gida

A shekarar 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew, mutumin Ingila, ya kafa a Abuja, garin da ake kira Suleja a yau. Ita ce mace ta farko da aka ɗauka. A can ta tarar da na'urar juya yumɓu, da ruwan ƙyalli da ake shafa wa tukunya, da matoya mai tsananin zafi.

Sau da yawa mai koyon fasaha kan ɗauka cewa sai ya ajiye tarbiyyar gida a bakin ƙofa kafin sabon ilmi ya shige shi. Ladi ba ta yi haka ba. Tun tana ƙarama a Kwali, ƙasar Gbagyi, ta koyi gina tulu da randa da hannu, inda maginiya ke zagaya tukunya tana ɗora yumɓu, ƙafa da baya da ido duk suna aiki tare. Ta koyi na'ura, amma ta ci gaba da gina tulunanta yadda ta saba, tana zana musu ƙadangare da kunama da kada da kifi, halittun da ta tashi tana gani. Cibiyar ta ƙara musu ƙyalli da ƙarfin gashi.

Ta rasu a 1984. Hotonta na bayan takardar naira 20, tana zaune tana aikin yumɓu.