Daga Ankara Zuwa Tafkin Volta A Kan Keke

Babu yaron makaranta a zangunanmu da bai san sunan Akosombo ba. Duk ranar da aka ɗauke wuta a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, sunan da ke fara zuwa bakin kowa ke nan. Amma in aka ce wanda ya taɓa ganin wurin da idonsa ya ɗaga hannu, kaɗan ne za su ɗaga. Alhali kuwa tsakanin Ankara da can kimanin kilomita 100 ne, tafiyar da saurayi mai lafiya zai yi a kan keke cikin yini guda. Mu da muka saba fita da kekunanmu lokacin hutun makaranta mun bi hanyar, kuma muna so mu bayyana muku yadda take da abin da mutum zai karu da shi a kanta.

Da farko dai kada wani ya ce zai kewaye tafkin Volta dukansa. Faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 8,500, kuma rassansa sun miƙa har arewacin Gana. Abin da mai keke zai iya shi ne ya tafi ta kan duwatsun Akuapem, ya kwana a bakin ruwa, ya komo ta fili. Kwana biyu sun isa.

A tashi daga Madina da asuba, a wuce Adenta, a isa Ayi Mensah kafin rana ta yi zafi. Daga nan ne hawa yake farawa. Kwalta tana nannaɗe dutse kwana bayan kwana, ta wuce Peduase ta kai Aburi, wanda tudunsa ya kai kimanin mita 400 a bisa teku. Masu ɗokin tsere a nan suke sauka su tura. Dabara ita ce a sa giya mai sauƙi, a zauna daram a kan sirdi, a riƙa takawa a hankali. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya waiwaya daga sama zai hango Ankara shimfiɗe har bakin teku, ya kuma ji iska ta sauya ta yi sanyi.

A Aburi akwai lambun itatuwa da aka buɗe a 1890, wurin hutu ne mai kyau. Gaba kaɗan sai Mampong, inda Tetteh Quarshie ya dasa koko a 1879, gonar kuwa tana nan har yau. Daga Mamfe a nufi Akropong, garin da 'yan mishan na Basel suka kafa kwalejin horon malamai a 1848. Mu malamai ba ma wuce ƙofarta ba mu rage gudu ba.

A Adukrom duwatsu suke ƙarewa, hanya ta gangara zuwa ƙasar Krobo. Wannan gangaren ya fi hawan Aburi haɗari. A duba birki na gaba da na baya tun kafin a fara sauka, a riƙa matsa su tare kaɗan-kaɗan, kada a bari keke ya ɗauki gudu sannan a danne shi gaba ɗaya. A bar tazara tsakanin juna, a sa hular kwano, a kuma tuna cewa direban da ke hawowa ba ya ganin mai keke a bayan kwana.

Da an sauka sai gonakin mangwaro na Somanya, sannan Odumase da Agomanya, inda kasuwar duwatsun wuya take ci ranakun Laraba da Asabar. A Kpong ake haɗuwa da babbar hanya, kuma nan ne ido zai fara ganin ruwan Volta. Sai a bi gefen kogi zuwa Atimpoku, wurin gadar Adomi wadda aka buɗe a 1957. Mata suna sayar da abolo da soyayyen jatan lande da 'yan ƙananan kifaye, abincin da ya dace da wanda ya yini yana taka feda. Daga nan zuwa Akosombo hawa ne gajere.

An fara gina madatsar a 1961, aka gama a 1965, Shugaba Kwame Nkrumah ya buɗe ta a Janairun 1966. Tsayinta mita 114 ne. An toshe kogin ne a matsatsi tsakanin duwatsu biyu, ruwa ya taru a baya, yana faɗowa ta manyan bututu yana juya injinan da ke ba da lantarki. Saboda haka ƙarfin wutar yana bin yawan ruwan. Shekarun da damina ta yi rowa a arewa, kamar 1983 da 1998 da 2007, ruwa ya ja baya, aka shiga rabon wuta a birane.

To, a nan ne muke roƙon matasanmu su tsaya su yi tunani. Ruwan nan da ke kwance shiru ya tashi mutane wajen 80,000 daga gidajensu, aka mai da su sababbin garuruwa 52. Gonaki da kasuwanni da maƙabartu suka nutse. Can arewa da madatsar, a wannan tafki dai, ruwa ya ci tsohon garin Kete-Krachi. Kete kuwa zango ne na fatake masu safarar goro, wanda ya cika da Hausawa bayan yaƙin basasar Salaga na 1892. A can ne Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, ya zauna yana karantarwa yana rubutu da Larabci da Hausa har ya rasu a 1934. Ashe cikin waɗanda suka biya kuɗin wutar da muke kunnawa har da kakanninmu. Yaron da ya san haka ba zai yarda a ce masa baƙo ne a ƙasar nan ba.

Kuma biyan bai ƙare ba. A watan Satumba na 2023 ruwa ya cika har aka buɗe ƙofofin madatsar, ambaliya ta shiga Mepe da wasu garuruwan da ke ƙasa, dubban mutane suka bar gidajensu. Wanda ya tsaya a gadar Adomi ya dubi faɗin kogin zai gane yadda hakan ta faru.

Washegari a komo ta Kpong, a miƙe kudu a kan hanyar Tema. Fili ne, babu hawa sosai, amma akwai rana da manyan motoci. A kusa da Shai Hills gogga sukan fito bakin kwalta, kada a tsaya ba su abinci. Daga Afienya sai Ashaiman, an dawo gida ke nan.

Ga 'yan shawarwari. Kada a fita ƙasa da mutum uku. A ɗauki famfo da tiyub na ajiya da kayan faci da ruwan sha mai yawa. A guji watannin Mayu da Yuni saboda ruwan sama, a kuma sa riga mai haske lokacin hazon hunturu. Kada zafi ya sa a faɗa tafkin wanka, domin akwai cutar tsargiya a ruwan. Dare kuma kada ya riski kowa a hanya.

Iyaye, keken da kuke gani kamar abin aike kasuwa ne kawai, zai iya kai ɗanku inda littafin aji bai kai shi ba. In ya nemi izni tare da manya amintattu, ku duba masa birki, ku sa masa albarka. Allah ya kai mu hutu na gaba lafiya.