Ranar da Lagireto Ya Tafasa a Yashin Babura

Kawuna ya fara tuƙi a ƙasar Kazaure tun kafin a cire Jigawa daga jihar Kano a 1991, kuma bai taɓa sa kuɗinsa ya sayi ruwan lagireto ba. Ruwa ai ruwa ne, in ji shi. Kullum bayan sallar asuba sai ya ɗaga bonet ɗin tsohuwar Hilux ɗinsa, ya miƙo mini buta, in cika lagireto da ruwan rijiyar gidanmu. Lokacin na gama sakandare ina jiran sakamako, ni ne yaron mota. Riɗi da zoɓo muke saye a ƙauyuka, mu kai Kano.

Hanyoyin Roni da Gwiwa ba su cika ba mu wahala ba. Akwai duwatsu da burji da ɗan hawa, amma mota tana samun gudu, iska na ratsa lagireto. Yankin Babura, can wajen iyakar Nijar, shi ne abin tsoro. Da an sauka daga kwalta sai yashi. A nan dole a sa fowil, a zauna a giya ta ɗaya ko ta biyu, inji na ta kururuwa, mota kuwa tafiyar hawainiya take yi. Iskar da za ta sanyaya ruwa babu, sai abin da fanka ta iya jawowa. Ga buhu talatin a baya, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40.

Sati guda kafin ranar da lagireton ya tafasa a yashin nan, allurar zafi ta fara wuce rabi. Ni, da rawar kan ɗan boko, na matsa wa Kawu sai mun zuba kulan, wato ruwan lagireto na sayarwa. Ya ba ni kuɗi yana tsaki. Na tarar da mai sayarwa a bakin titi ya jera gorori: kore, ja, shuɗi, ba takarda ko ɗaya a jikinsu. Na ɗauki kore saboda ya fi arha, kuma kalarsa ta yi mini kama da sanyi. Muka tuttula shi a kan ruwan rijiyar da ke ciki.

A ranar, wajen ƙarfe biyu na rana, muna cikin wani dogon yashi, allura ta kai ja. Wari ya fara shigowa, sannan tururi ya turnuƙe gilashi. Na diro da tsumma na nufi murfin lagireto.

"Kul! Kada ka taɓa!" Kawu ya daka mini tsawa. "So kake in mayar wa uwarka da kai ba fatar fuska?"

Muka koma gindin wani gawo, itacen da ke da ganye da rani lokacin da sauran suka kaɗe. Sama da awa ɗaya muka zauna, Kawu bai ce mini uffan ba, kuma shirun nan ya fi mini zagi ciwo. Wani mai amalanken shanu ya taimaka mana da jarkar ruwa. Sai da inji ya huce sarai muka zuba kaɗan-kaɗan, don Kawu ya ce ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana iya tsaga kan inji. Da dare muka lallaɓa zuwa Kazaure.

Washegari bakanike ya kwance lagireton ya buɗe samansa. Abin da na gani ban manta ba. Kusan rabin ƙananan hanyoyin ruwan sun toshe da wani farin datti mai tauri, irin wanda ke taruwa a gindin butar mai shayi. Abin da ya zubo kuma jajir da tsatsa, da kauri kamar kunu.

"Alhaji, wannan aikin rijiyarka ne," in ji shi. "Shekaru ta yi tana gini a ciki."

Ya duba murfin, ya ce sifirin ɗinsa ya mutu. Ya laluba ya ga wani ya taɓa cire tamostat ya yar, wai don kada mota ta yi zafi. Sannan ya ɗiga ragowar koren ruwana a yatsa ya murza. "Samari, na gaske yana da santsi. Wannan ruwa ne da kala."

Da na je Ƙofar Ruwa a Kano neman na ainihi, na tsaya na karanta jikin jarka, daga baya kuma na bi littafin motar. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Idan aka haɗa shi rabi da rabi da gilaikol, sinadarin da ke cikin kulan, sai ya kai wajen 107. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Murfi mai lafiya, wanda ke riƙe matsi, shi ke ɗaga shi ya wuce 120, wato namu da ya mutu ya ci mu fiye da yadda muka zata. Abin da ya fi ba ni mamaki: ruwa ya fi gilaikol ɗaukar zafi, saboda haka wanda ya zuba mai kaurin tsurarsa bai sirka ba ya ƙara wa kansa matsala. Babban amfanin kulan a ƙasa irin tamu, inda ƙanƙara ba ta daskarar da inji kamar Turai, shi ne hana tsatsa da taruwar farin dattin nan. Kala kuma rini ce kawai. Na Toyota ja akan sirka shi da tataccen ruwa, mai ruwan hoda kuwa a haɗe yake zuwa, kuma ba a son a gauraya iri daban-daban.

Aka wanke lagireto, aka mayar da tamostat, aka sa sabon murfi. Bakaniken ya gargaɗe mu da mu ɓoye ragowar jarkar, don gilaikol zaƙi gare shi amma guba ne, yaro ko akuya na iya sha. Kawu ya kulle ta a akwatinsa, yana ta lissafin buhun riɗi nawa ta ci.

Bayan kwana goma muka sake bin yashin nan da kaya fiye da na da. Idona na kan allura har muka hau kwalta, ba ta wuce rabi ba. Na dubi Kawu ina murmushi. Ya leƙa sama ta taga ya ce ai yau akwai gajimare.