Tartsatsin Bargo da Tsawar Damina



Duk wanda ya yi hunturu a Maraɗi ya san abin nan: ka jawo bargo cikin duhu, sai ka ji ƙas-ƙas, ka ga ɗan tartsatsi. Ƙanwata cewa ta yi aljanu ne, har ta ƙi lulluɓa. Ni kam sai da na tambayi malaminmu na kimiyya.

Ya ce kowane abu yana da caji iri biyu, ɗaya ana yi masa alamar tarawa, ɗaya alamar ragewa. Iri ɗaya korar juna suke, mabambanta kuwa jan juna. In aka goga abu biyu, wasu 'yan ƙwayoyi masu suna elektaron sai su bar wannan su koma wancan. Iskar hunturu a bushe take, shi ya sa cajin ke taruwa. Da damina laima ce ke kwashe shi.

Na gwada da kaina. Na goga bik a gashina, na kai shi kusa da guntayen takarda, wallahi sai ga su suna tsalle suna mannewa tun ban taɓa su ba! Ashe kewaye da bik ɗin akwai wani fili da ido bai gani, filin lantarki. Shi ke jawo cajin takardar da ya saɓa wa na bik ya matso gefen da ke kusa, sai ta taso. Da na ɗan janye hannu, ko motsi ba su yi ba. Wani Bafaranshe, Kulom, ya auna a 1785 cewa in aka ninka tazarar da ke tsakanin caji biyu, ƙarfinsu sai ya koma kashi 1 cikin 4.

Abin da ya burge ni shi ne kalmar da muka koya a ajin Larabci, kahraba. Asalinta daga Farisanci take, sunan wani daskararren ƙaro ne da ke fizgar ciyawa in an goga shi.

To, tsawa ma tartsatsin nan ce, sai dai ta girma. A 1752 Benjamin Firankilin na Amurka ya nuna cewa gajimare na tara caji. Filin ya fi ƙarfi a kan abu mai tsawo ko tsini, don haka tsawa ta fi faɗa wa itacen da ke tsaye shi kaɗai.

Na bargo bai kisa, amma na sama yana yi. Don Allah, ƙannenmu masu kiwo da masu zuwa gona, in hadari ya taso kar ku fake gindin itace. Ku nemi ɗaki tun da wuri.