Gungun da Ruwa Ya Ci

Ran da na gaya wa mahaifina a Yelwa zan tafi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya in koyi zane, sai ya ajiye komarsa, ya ce, "Ɗan nan, zanen ma sai an je jami'a? Me za ka ci?" Na rasa amsa.

A Zariya aka koya mini auna siffar abu, da haɗa launi, da sassaƙa. Can na ji labarin su Uche Okeke da Demas Nwoko, waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane a 1958, tun makarantar tana kwaleji. Nufinsu kowa ya gama fasahar gida da ta makaranta.

To, mai karatu, gungun da aka haifi mahaifina ruwan Kainji ya cinye shi tun 1968. Da na zo hutu, na roƙe shi ya siffanta mini shi, ina zanawa: ga mashigi, ga rumbuna, ga tsamiyar da ake ɗaure jirage. Ya karɓi takardar, ya daɗe yana dubawa. Can sai ya ɗora yatsa, ya ce, "Ka manta ɗakin kakarka. Nan yake."

Na sa ɗakin. Tun daga ranar bai ƙara tambayata abin da zan ci ba.